Sojojin Dalma da Buroshin Fenti

Duk wanda ya shiga shagon Warhammer a Landan ko Nottingham ya sayi akwatin sojoji, idan ya koma gida ya buɗe ba zai tarar da soja ko ɗaya a tsaye ba. Abin da ke ciki sassan roba ne masu launin toka, hannaye daban, ƙafafu daban, kawuna da bindigogi daban, duk a manne jikin firam. Mai saye ne zai ciccire su, ya kankare gefensu da wuƙa, ya haɗa su da gam, sannan ya ɗauki buroshi ya zauna zaman fenti, soja bayan soja, alhali tsayin kowanne bai wuce santimita uku da 'yan kai ba. Runduna guda takan ci wa mutum watanni, yaƙin da zai kai ta ta yi a kan tebur kuwa sa'a biyu ne ko uku. Kamfanin da ke sayar da wannan kaya da ba a gama ba, Games Workshop, ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan a Disambar 2024. Masu ba da tarihin wannan sha'awa sukan fara da hafsoshin Jamus, su ce wasan bariki ne da ya malalo cikin gari. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin labarin ke nan, kuma rabin da ya fi sauƙi. A ganina abin da ya raya wannan al'ada har ta haifi sana'a shi ne lokacin da aikin fenti ya bar hannun masana'anta ya koma hannun mai wasa. Yaƙin tebur ya daɗe, amma sai da mutane suka fara zuba guminsu a jikin sojan kafin ya zama abin da ake tsufa da shi.

Asalin dokokin dai sananne ne. Turawa sun gaji shaɗaranji daga Larabawa, su kuma daga Farisa da Indiya, kuma sun daɗe suna jin cewa allo mai gida 64 ya yi wa yaƙi kaɗan. A 1780 Johann Hellwig, malamin lissafi a fadar Braunschweig, ya faɗaɗa allon zuwa gida 1,617, ya ba gidajen launi, wannan dutse, wancan kogi ko fadama, domin ya koya wa yaran fada dabarun yaƙi. Duk da haka gida-gida ake tafiya, kuma kogi ba ya gudu a kusurwa huɗu. Waɗanda suka fasa allon su ne Reisswitz uba da ɗa, a ƙasar Furushiya wadda Napoliyon ya wulaƙanta a 1806. Uban ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani tebur a 1812, mai tuddai da kwaruruka da ake jerawa yadda aka ga dama. Ɗan, wanda hafsan igwa ne, ya zo a 1824 da abin da aka sani da Kriegsspiel: taswirar ƙasa ta gaske a ma'aunin 1 cikin 8,000, kowane zagaye na wasa daidai da minti biyu a fagen fama, ƙwayar ludo don yanke yawan ɓarnar da wuta ta yi, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ke ganin komai. Ɓangarorin biyu ba sa magana da juna. Kowa ya rubuta umarninsa ya miƙa, alƙali ya gaya masa iya abin da dakarunsa za su hango daga inda suke. Janar von Müffling, shugaban hafsoshi, ya zo kallo ba da wani ɗoki ba, ya tashi yana shaida cewa wannan horon yaƙi ne, aka ba da umarni a kai wa kowace runduna nata. Mai ƙirƙirar bai ci moriyar aikinsa ba: abokan aiki suka sa shi gaba, aka cilla shi sansanin Torgau, ya kashe kansa a 1827.

Abin lura shi ne irin dakarun da ake turawa a kan waccan taswira. 'Yan guntayen dalma ne masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi, an yanka kowanne daidai filin da bataliya za ta ci idan ta yi sahu. Ba fuska, ba doki, ba tuta. Hafsan da ke koyon yadda zai tsallakar da mutum dubu goma ta gada guda kafin faɗuwar rana, ina ruwansa da launin maɓallin rigarsu? Bayan Furushiya ta doke Ostiriya a 1866, ta kuma murƙushe Faransa a 1870 zuwa 1871, sojojin duniya suka ruga kwaikwayon duk abin da Jamusawa ke yi, har da wannan wasa. Birtaniya ta fitar da nata dokokin a 1872, kwalejin yaƙin ruwa ta Amurka da ke Newport ta mayar da shi ginshiƙin karatunta. Kuma duk inda ya shiga, rage masa kaya ake yi. A 1876 wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya ce a ajiye jadawalin lissafi da ƙwayar ludo, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da kansa. Daga nan hanya ta miƙe har zuwa kwamfuta. Da wannan reshe ne kaɗai, da yau babu mai riƙe da buroshi.

Sojan wasa kuwa daga wata unguwa ya fito, unguwar maƙeran kuza. A Nuremberg da maƙwabciyarta Fürth, tun rabin ƙarshe na ƙarni na 18, gidaje irin na Hilpert suna sassaƙa siffa a fuskar allunan dutse biyu, su haɗa su, su zuba narkakken kuza da dalma, soja ya fito da faɗi ba kauri. Ernst Heinrichsen, wanda ya buɗe nasa gidan a 1839, shi ya daidaita tsayin a wajen milimita 30, ta yadda sojan wannan akwati zai tsaya kusa da na wancan ba tare da ɗaya ya zama ƙato ba. A 1893 William Britain na Landan ya fito da zubi mai fanko: a zuba dalma a mazubi, a juye tsakiyar kafin ta daskare, soja ya fito da ɓawo kawai. Ƙarfen da ake ci ya ragu, farashi ya faɗi, kayan Jamus suka fara rasa kasuwar Ingila. Waɗannan sojoji masu milimita 54 da fentinsu suke zuwa cikin jan kwali, kuma mata ne ke yin fentin, wasu a masana'anta, wasu a gidajensu ana biyansu gwargwadon abin da suka gama. Yaro ba shi da hannu a ciki, nasa ya jera ya rushe. Winston Churchill ya tara kusan 1,500 yana yaro, kuma ranar da mahaifinsa ya zo duba faretinsu ne ya tambaye shi ko zai shiga soja. To, ga dokoki babu sojoji a bariki, ga sojoji babu dokoki a ɗakin yara, suka yi shekaru masu yawa kowa na harkarsa.

Marubuta ne suka haɗa su. Robert Louis Stevenson, lokacin da yake jinyar huhu a Davos ta Suwizalan a farkon shekarun 1880, ya riƙa shata taswira da alli a daɓen ɗakin sama yana gwabzawa da agolansa Lloyd Osbourne. Amma H. G. Wells ne ya buga dokoki don jama'a, a littafinsa Little Wars na 1913. Sojan ƙasa tafiyar ƙafa ɗaya ta awo yake yi a kowane zagaye, mahayi ƙafa biyu, ana aunawa da zare. Harbi kuwa na zahiri ne. Kamfanin Britain yana da wata 'yar igwa mai sifirin da ke cilla ɗan guntun katako, mai wasa ya durƙusa ya saita, sojan da ya faɗi ya mutu. A nan nake so mai karatu ya dakata. Manyan mutane da gashin bakinsu suna jifan sojojinsu da katako domin sojojin ba su ci musu komai ba sai 'yan sulalla. In fenti ya ɓare ko kai ya fita, a sayo wani akwati. Babu wanda zai kwana yana zana linzami da idon doki, gari ya waye ya ajiye shi a gaban igwa a harba. Wasan Wells yana da dokoki, yana da sojoji, abin da bai samu ba tukuna shi ne wahalar mai wasa a jikin sojan. A ƙarshen littafin akwai ƙarin bayani kan yadda za a gyara wasan ya dace da horon soja, wanda ya samo asali daga wasiƙun Kanar Mark Sykes, mutumin da bayan shekara uku ya zauna da Picot na Faransa suka raba ƙasashen Larabawa a kan taswira ta gaske. Shekara guda da fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sha'awar ta koma ta 'yan tsiraru har bayan na biyu.

Juyin ya zo a shekarun 1950 da 1960, kuma rashi ne ya kawo shi. Mai son ya sake buga yaƙin Waterloo yana bukatar ɗaruruwan ƙananan sojoji, na rundunonin da babu kamfanin kayan wasan da ya damu da su. Jack Scruby a California ya koyi yin mazubi da roba mai laushi, ya riƙa zuba sojojin milimita 30 yana aika wa masu saye ta gidan waya, su yi fenti da kansu, kuma a 1957 ya fara mujallar War Game Digest wadda ta haɗa mutanen da kowannensu ke zaton shi kaɗai ne. A Southampton, Donald Featherstone, mai yi wa 'yan ƙwallon garin gashin ƙashi, ya buga War Games a 1962, littafin da ya shigar da ɗimbin matasan Ingila wannan harka. Kamfanin Airfix kuma ya cika shaguna da kwalaye masu sojojin roba arba'in da wani abu a kuɗin da ɗan makaranta zai iya tarawa, su ma launi ɗaya ne daga kai har ƙafa. A 1966 kamfanin Britain ya daina sojojin dalma na yara, saboda roba ta fi araha, hukuma kuma ta tsananta kan gubar dalma a kayan wasa. Sojan da aka gama ya tafi, wanda ba a gama ba ya gaje shi. Daidai nan igwar sifirin ta ɓace daga tebur, ƙwayar ludo da tef ɗin awo suka maye gurbinta. Za a iya cewa ƙwayar ludo ta dawo ne domin tana ɗaukar abin da guntun katako ba ya iyawa, kamar firgici da gudu da kariyar kurmi, kuma haka ne. Sai dai mutum ya fi saurin karɓar hujjar da za ta tsare masa abin da ya wahala a kai, kuma mai runduna ɗari biyu da ya yi wa fenti da hannunsa ba ya bukatar a lallashe shi ya ajiye igwa.

Fenti ya jawo karatu. Wanda zai shafa wa sojan Napoliyon launi dole ya san ko wuyan rigar rundunarsa ja ne ko rawaya, kuma a wace shekara, don in ya kuskure abokin wasa ba zai yi shiru ba. Daga wannan bukata aka sami kasuwar littattafan kayan soja: zane-zanen Liliane da Fred Funcken na Beljiyam, da jerin Men-at-Arms da Osprey ta fara a 1971, sirara masu hotunan launi a tsakiya, waɗanda yau sun kai ɗaruruwa. Aikin hannun ma ya girma. Da can fentin mai ake sa wa, na 'yan gwangwanayen Humbrol, ga wari ga jinkirin bushewa. Daga shekarun 1980 fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa ya karɓe fage, yana bushewa cikin mintoci, ya ba da damar a yi shafi bisa shafi. Babbar matsalar mai fenti ita ce haske. Abu mai santimita uku ba ya yin inuwa mai zurfi irin ta jikin mutum, don haka in aka shafa masa ja guda sai ya fito a daskare, ba a ganin naɗin riga balle kwarmin ido. Dole a ƙirƙira masa inuwar. A fara da shafin da zai kama jikin roba, a sa launin asali, a kwarara tsinkakken fenti mai duhu ya gangara cikin lunguna ya zauna, sannan a ɗauki buroshin da aka goge har ya kusa bushewa a bi sama-sama, launi mai haske ya kama tudun tufa da bakin takobi kaɗai. Daga ƙarshe a yi wa matsayinsa ado da yashi da ciyawar roba, ya zama kamar a ƙasa yake tsaye. Mai ɗinkin hula da allura zai gane wannan zama: inji na fitar da goma kafin ya gama ɗaya, kuma shi da mai saye duk sun san ba ɗaya suke ba.

Wanda ya gane cewa kasuwar tana wurin wannan zama shi ne Bryan Ansell. Kafin shi, Gary Gygax da Jeff Perren sun fitar da Chainmail a Amurka a 1971, dokokin yaƙin zamanin sulke, aka liƙa masa 'yan shafuka na dodanni da matsafa. Daga nan Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a 1974, inda kowane ɗan wasa jarumi ɗaya yake riƙewa. Games Workshop, wanda Ian Livingstone da Steve Jackson da John Peake suka kafa a Landan a 1975, da shigo da wannan wasa ya tashi, kuma a 1979 ya haɗa hannu da Ansell aka kafa Citadel Miniatures a Newark, kusa da Nottingham. Amma mai jarumi ɗaya siffa ɗaya zai saya, in ya yi yawa biyar. Warhammer, wanda Ansell da Rick Priestley da Richard Halliwell suka fitar a 1983, an yi shi ne domin a sami dalilin sayen siffa ɗari. Tun daga ranar dokoki suka koma yi wa siffa hidima. A 1987 aka fito da Warhammer 40,000, aka kuma fara gasar fenti ta Golden Demon, wadda ba a jefa ƙwayar ludo ko sau ɗaya a cikinta. Mujallar White Dwarf ta riƙa buga hotunan aikin gwanaye wata-wata, shagunan kamfanin suka zama makarantu inda ake zaunar da yaro a ba shi soja da buroshi. Duniyar ƙage ta kuma sassauta wa mai fenti takunkumin tarihi, ya sa kore ko shunayya yadda ransa ya so, ko da yake masu son gardama ba su rasa abin gardama ba a can ma. Wasu ma'aikatan kamfanin sun buɗe nasu a kewayen, irin su Warlord Games da Mantic da Perry Miniatures na tagwaye Alan da Michael Perry, har Nottingham ta zama cibiyar wannan sana'a a duniya, ko da yake masu zubi da yawa sun rabu da dalma tun shekarun 1990.

Gwajin da ya fi nuna gaskiyar wannan magana kwamfuta ce ta kawo shi. Lokacin da sojojin dalma ke yaɗuwa, Amurka tana da wani reshe da ya fi su kasuwa, wato yaƙin kwali: taswira mai gidaje masu kusurwa shida da 'yan katunan da aka buga wa lambobi, magajin Reisswitz na kusa. Charles Roberts ya fara shi da Tactics a 1954, ya kafa Avalon Hill, kamfanin SPI ya biyo baya, suka yi zamaninsu a shekarun 1970. SPI ta durƙushe a 1982, Avalon Hill ta faɗa hannun Hasbro a 1998. Dalilan suna da yawa, har da bashi da rashin iya riƙon kamfani, kuma reshen bai mutu ba, ƙananan masu bugawa suna riƙe da shi. Sai dai kusan duk abin da yake bayarwa kwamfuta ta fi shi iya bayarwa. Ita ce alƙalin da ba ya gajiya, tana ɓoye maka abokin gaba, tana lissafi kafin ka ƙifta ido, ba ta ce ka nemo aboki da babban tebur ba. Da dabarar yaƙi ce ke riƙe da masu sojojin fenti, da su ma sun watse tare. Ba su watse ba, a cikin waɗannan shekarun ma Games Workshop ya shiga kasuwar hannun jari, a 1994. An kuma gwada ɗauke wa mutane wahalar. Kamfanin Rackham na Faransa, wanda siffofinsa na ƙarfe ke cikin mafiya kyau a zamaninsu, ya koma sayar da na roba da aka riga aka yi wa fenti a masana'anta, tsofaffin masu sayensa suka juya masa baya, ya rufe a 2010. Ba na cewa siffa mai fenti ba ta sayuwa. X-Wing, wasan jiragen Star Wars na 2012, ya yi tashe ƙwarai. Amma tashe ne, a 2024 masu shi suka sanar sun daina yi masa sabbin kaya. Abin da mutum bai sa hannu ya yi ba, sauƙin ajiyewa gare shi.

Mai suka zai ce ai wannan duk bayanin wayon ɗan kasuwa ne. An sayar maka da kaya rabin aiki, an sayar maka da gam da wuƙa da fenti kwalba-kwalba da za ka ƙarasa shi, ana sauya dokoki bayan 'yan shekaru domin rundunarka ta tsufa, kai kuma kana godiya. Ba zan kare kamfanin a nan ba. Masu sayen kayansa da kansu suna kuka da farashi, kuma tulin akwatunan da aka saya ba a buɗe ba ya zama abin barkwanci a tsakaninsu. Akwai masu zuwa wasa da roba toka ko a jikinsu, akwai masu aika rundunarsu a yi musu fenti da kuɗi, har zuwa Siri Lanka inda hannu ya fi araha, wato an koma tsarin matan kamfanin Britain ta bayan gida. Amma a duba abin da waɗannan misalai ke nunawa. Mai biya a yi masa fenti ya riga ya yarda cewa soja marar fenti bai cika ba. Gasanni da dama ba sa karɓar runduna sai tana da aƙalla launi uku, kuma dokokin Warhammer 40,000 na 2020 sun ware maki goma ga wanda ya zo da tasa a gama. Sannan al'adar ta girmi kamfanin, domin mutanen Scruby da Featherstone suna narka dalma a kicin ɗinsu tun babu wata riba ta a zo a gani. Yau ma da injin buga siffa na 3D ya shiga gidaje, mutum na iya fitar da runduna ba tare da ya taka shago ba, kuma abin da yake yi da ita bayan ta fito shi ne ya nemi buroshi. Kamfanin ya tarar da sha'awar ne ya sa mata farashi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, cewa ana mayar da kisa abin wasa, har ana yi masa kwalliya. Wells ya hango ta, kuma da yake mai ƙin yaƙi ne, hujjarsa ita ce ƙaramin yaƙi yana tona wautar babba. Shekarar 1914 ta nuna cewa fata ce kawai. Amma akasin haka ma bai tabbata ba. Waɗanda suka raya wasan bayan 1945 sun ga yaƙi da idonsu. Featherstone ya yi shi a rundunar tankoki. Birgediya Peter Young, wanda ya rubuta Charge! a 1967 tare da James Lawford, kwamando ne da ya sha wuta a Dieppe da Normandy, kuma da ya zo tebur ƙarni na 18 ya zaɓa, zamanin riguna masu launi da ganguna. Abin da ke jan hannun mai fenti launi ne da siffa, shi ya sa zamanin Napoliyon ya fi ramukan yaƙin 1916 masu so, dodanni kuma suka fi su duka. In ana neman wasan da ke shirya mutane kisa da gaske, yana nan inda Reisswitz ya bar shi, a ɗakunan hafsoshi, kuma babu kwalbar fenti ko ɗaya a wurin.

Inda sukar ta sami wurin tsayawa shi ne yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, kuma a nan labarin ya shigo gidanmu. Tun fitowar The Sword and the Flame na Larry Brom a 1979, yaƙin Zulu na 1879 da na Mahadi a Sudan suna cikin waɗanda aka fi bugawa. A tebur ana daidaita ƙarfin ɓangarori domin wasa ya yi daɗi. A Omdurman ranar 2 ga Satumba 1898 ba a daidaita komai ba: mutanen Halifa Abdullahi kimanin 10,000 suka kwanta, na Kitchener ba su kai 50 ba, kuma Churchill mai sojojin dalma yana cikin mahayan da suka kai hari ran nan. Bindigar Maxim da aka yi amfani da ita a can ce ta yi aiki a Sakkwato da Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, sauran jama'arsa suka nausa gabas har Sudan, zuriyarsu na Mai Wurno har yau. A irin waɗannan wasanni Bature yana da sunan runduna da launin maɓalli da aka bincika, ɗan Afirka kuwa sau da yawa taro ne kurum mai mashi. Buroshi littafi yake bi, kuma wanda ya rubuta littafin shi ya zaɓi wanda za a san launin rigarsa. Inda aka yi bincike, abin ya bambanta. A jerin rundunonin da Phil Barker da abokan aikinsa na Wargames Research Group suka tsara akwai ta Yammacin Sudan, wadda ta haɗa Mali da Songhai da Borno da ƙasashen Hausa, kuma da Hausa aka rubuta sunayen dakarunta: 'yan lifidi, 'yan baka, zagi. Wato a wani kulob a Ingila ko Ostareliya akwai mai zaune da ɗan dokin ƙarfe a hannu, yana ƙoƙarin gano yadda ake jera launi a jikin lifidi, madogararsa 'yan tsofaffin hotuna da littattafai irin na Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato.

Amsar tambayarsa tana Kano da Katsina da Zazzau, inda 'yan lifidi da 'yan sulke ke fita hawan sallah, tana Gidan Makama, tana hannun masu ɗinka kayan doki da suka gaji sana'ar. Ya kamata masana tarihinmu da masu zanenmu su zauna da waɗannan mutane su fitar da littafi mai hotunan launi na kayan yaƙin ƙasar Hausa, lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa da tutoci, masarauta-masarauta, zamani-zamani, da Hausa da sauran harsuna, tun dattawan da suka san bambancin kayan Kano da na Borno suna da rai.